In injin jirgi ya samu matsala a sama: aikin matuƙi, aikin injiniya, da maganar da ke faɗuwa a tsakani

Duk wanda ya saba bin jirgin Abuja daga filin Lawanti na nan Gombe, ko 'yan uwanmu na Bauchi masu tashi daga filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa can Durum, ya san sanarwar nan mai tada wa mutane hawan jini, wai a yi haƙuri an samu 'yar matsalar na'ura, injiniyoyi suna dubawa. Nan take sai wuri ya rabu biyu, ga masu salati suna cewa gara su koma tasha su hau mota, ga kuma masu ɗaga murya suna cewa ƙarya ce kawai kujeru ne ba su cika ba, su fa suna da mitin ƙarfe kaza a Abuja. Ni ban ga laifin kowa ba tunda kamfanonin nan ba sa yi wa fasinja bayani, amma gaskiya duka ɓangarorin biyu sun bar ainihin zancen.

Mutuwar inji a sama abu ne da masu ƙera jirgi suka yi lissafinsa tun a takarda. Abin da ke maida ƙaramar matsala ta zama gawarwaki, in mutum ya zauna ya karanta rahotannin binciken haɗurra, sau da yawa wata magana ce da ta tsaya a bakin wani ba ta kai kunnen wanda ya kamata ba. Makanike ya gani bai gaya wa kyaftin ba, kyaftin ya ji bai rubuta ba, mataimakin matuƙi ya yi shakka ya ja bakinsa don girman oga, fasinja ya ga wuta ya ce ai su sun sani.

Bari mu fara da shi kansa jirgin. Jiragen da ke zuwa mana nan, su Boeing 737 da Embraer da ire-irensu, inji biyu gare su, kuma ba a ba jirgin fasinja irin wannan takardar izinin aiki sai an tabbatar zai iya ƙarasa tashi ya ci gaba da hawa da inji ɗaya tak, ko da ɗayan ya mutu a mafi munin lokaci, wato yana tsakar gudu a kan titi. Kafin kowane tashi matuƙa suna lissafa wani gudu da ake kira V1, ya danganta da nauyin jirgi da tsawon titi da zafin gari. In matsala ta zo kafin a kai wannan gudun, birki ake takawa a tsaya. In an wuce shi to ko injin yana ci da wuta sai an tashi, don ragowar titin ba zai isa tsayawa ba, ƙoƙarin tsayawar ne ma zai kai jirgin daji. Wannan lissafin ne ya sa a watannin Maris da Afrilu lokacin da rana ke kai wa digiri 40 a nan, wani lokaci a ce an rage kaya ko jakar wani ta biyo jirgin gobe. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun ƙarfin da yake samu da asuba, kuma dole a yi lissafin kamar inji ɗaya zai mutu ko da duka biyun lafiyarsu ƙalau.

To a ce ya mutun. Abu na farko jirgin zai karkata hancinsa ɓangaren injin da ya mutu tunda ɗaya gefen ne kawai ke turawa, sai matuƙi ya danna feda ya miƙar da shi da jela. A daƙiƙun farkon nan ba a taɓa injin ma sam, ana barinsa har jirgi ya yi sama kamar ƙafa 400, don an koyi darasi mai ɗaci cewa gaggawa ta fi wutar kisa. Tsarin da ake horar da su a kai shi ne tuƙi tukuna, sannan sanin inda aka dosa, sannan magana da rediyo. Ɗaya yana tuƙi, ɗayan yana karanto matakai daga littafin gaggawa, kuma duk abin da in an taɓa ba ya dawowa cikin sauƙi, kamar makunnin mai ko hannun kashe gobara, ɗaya zai ɗora hannu ya ambaci lambar injin, ba zai ja ba sai ɗayan ya kalla da idonsa ya ce e shi ne. Akwai tulunan kashe wuta a jikin jirgin da ake fesa wa injin daga ɗakin tuƙi, yawanci fesawa biyu. Duk wannan suna maimaita shi a simuleta, wato na'urar gwajin tuƙin jirgi, kusan duk wata 6, matuƙi zai iya yin ritaya bai taɓa ganin mutuwar inji ta gaske ba amma ya yi ta a na'urar gwaji har ya haddace.

Mutane kan tambaya, to in da matsala me ya sa jirgin ke ta zagaye gari maimakon ya sauka? Dalili biyu. Akwai nauyin da aka yarda jirgi ya tashi da shi, akwai wanda aka yarda ya sauka da shi kuma na saukar ya fi ƙanƙanta, su 737 da Airbus A320 kuma ba su da bututun zubar da mai a sama irin na manyan jirage, sai dai su ƙona shi da yawo. Na biyu matakan da kansu suna cin lokaci, ga lissafin birki, ga sanar da hasumiya a tanadi motocin kwana-kwana, ga yi wa shugabar ma'aikatan cikin jirgi bayanin abin da ya faru da minti nawa suka rage. A ranar 4 ga Nuwamba 2010 injin wani Airbus A380 na Qantas ya tarwatse jim kaɗan da tashinsu daga Singafo da mutum 469, kyaftin Richard de Crespigny da abokan aikinsa sun shafe kusan minti 50 suna bin saƙonnin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya kafin su shirya sauka, kuma ba wanda ya mutu. Amma fa in wuta ta ƙi mutuwa ba a jira, da nauyin ake sauka a duba ƙafafun daga baya.

Sannan ba duk ƙara da tartsatsi ne mutuwar inji ba. Akwai lokacin da iskar da ke shiga injin ke rikicewa ta yi baya, sai ka ji bam bam kamar harbi, harshen wuta ya fito ta baya, wanda ke kusa da taga ya ɗauka an gama, alhali sau da yawa in an rage totur injin yana dawowa daidai. Tsuntsu na jawo haka, shi ya sa bola ko mayanka kusa da filin jirgi ba ƙaramar ɓarna ba ce, shaho da ungulu suke tarawa. Tsuntsaye ne suka kashe duka injina biyun jirgin kyaftin Chesley Sullenberger a New York ranar 15 ga Janairu 2009 har ya sauke shi a kogin Hudson, mutum 155 suka fita da ransu.

Namu na gida da ya fi ci min rai shi ne hatsarin jirgin kamfanin Dana, 3 ga Yuni 2012, jirgi ƙirar MD-83 daga Abuja zuwa Legas. Rahoton ƙarshe da hukumar binciken haɗurra AIB, wadda yanzu ta koma NSIB, ta fitar a 2017 ya nuna cewa kamar minti 17 da tashi inji na ɗaya ya daina ba da ƙarfi. Matuƙan sun lura, sun yi ta tattaunawa a kai tsakaninsu, amma ba su ɗauko littafin matakai ba, ba su karkata sun sauka a filin da ya fi kusa ba, kuma ga Ilorin ga Akure ga Ibadan duk a yankin suke. Suka ci gaba da inji ɗaya har suka zo shirin sauka Legas, nan na biyun shi ma ya ƙi amsa totur, lokacin ne aka kira gaggawa, jirgin ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, mutum 153 na ciki duka suka rasu da wasu a ƙasa. Ƙa'idar jirgi mai inji biyu a fili take, in ɗaya ya tafi ka sauka a fili mafi kusa da ya dace, don inji ɗayan da aka ƙera jirgin ya iya tafiya da shi na kai ka ƙasa ne lafiya, ba a ba ka shi don ka ƙarasa tafiyarka ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yanzu mu sauko ƙasa, inda a ganina rabin labarin yake kuma ba wanda ke ɗaukarsa a bidiyo. Kowane jirgi yana da littafinsa na lafiya, matuƙa da injiniyoyi suna ce masa teklog. Duk abin da matuƙi ya gani ba daidai ba a nan zai rubuta, kuma da zarar ya rubuta jirgin ba zai sake tashi ba sai injiniya mai lasisi ya amsa a rubuce ya sa hannu, ko ya ce na gyara ga abin da na yi, ko ya ce an ɗage gyaran bisa ƙa'ida. Matsalar ita ce mutanen nan biyu sau da yawa ba sa ma haɗuwa, kyaftin ya sauka da dare ya wuce otal, injiniyan dutin dare ya zo ya tarar da layi biyu na rubutu, kuma abin da ya faru a ƙafa dubu 30 cikin sanyi ba lallai ya nuna kansa ba a ƙasa jirgi na tsaye. Kamar direban da zai ajiye mota a gareji ya ce wa yaron makanike tana wani ƙara-ƙara ya wuce abinsa, bai ce a wace giya ba, bai ce a hawa ko gangara ba, gobe ya zo a ce masa oga mun tada ta lafiya lau. Rubutu mai amfani shi ne wanda ya ce inji na biyu ne, a lokacin hawa, a tsayi kaza, girgiza ta kai kaza, zafin hayaƙi ya kai kaza na daƙiƙa kaza, da muka rage totur ta lafa. Da wannan injiniya zai san shafin da zai buɗe a littafin gano matsala, zai san ko sai ya zura kyamarar nan mai dogon wuya cikin injin ya duba farfelu, ko ya ciro toshiyar maganaɗisu da ke cikin baƙin mai ya ga ko ta kama ɓurɓushin ƙarfe, alamar wani boris ya fara ci.

Hatsarin Lion Air na Indonesiya a Oktoba 2018 ba na inji ba ne amma ya nuna illar rubutu rabi da rabi. Matuƙan da suka tuƙa jirgin daren da ya gabata sun sha fama, jirgin na ta dunƙufar da hanci da kansa har sai da suka kashe wani makunni suka ƙarasa da hannu. Da suka sauka an rubuta matsalar gejin gudu da na tsayi, ba a rubuta wancan ɓangaren ba. Injiniyoyi suka yi aiki kan abin da suka gani a rubuce, da safe wasu matuƙan daban suka ɗauki jirgin ba su san abin da ya faru jiya ba, mutum 189 suka tafi.

Batun ɗage gyara kuwa mutane suna jinsa kamar ha'inci, alhali tsari ne mai doka. Akwai kundi da ake kira MEL wanda hukuma irin NCAA, mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya, ke amincewa da shi ga kowane kamfani, ya jera abubuwan da jirgi zai iya tashi ba tare da su ba, da sharuɗɗan da za a cika, da wa'adi. Wani kwana 3, wani kwana 10, wani har kwana 120 in abin bai shafi lafiyar tashi ba. Misali ƙaramin injin nan na jela da ke ba da wuta da iska a ƙasa zai iya lalacewa a ci gaba da aiki, sai dai a nemo na'urar tada inji daga waje, shi ya sa wani lokaci za ku zauna cikin jirgi kuna gumi ba esi kafin a tashi. Ana manna 'yar takarda a ɗakin tuƙi don duk matuƙin da ya shigo ya sani. Kuma ko kundin ya yarda, kyaftin na da ikon ya ce shi bai karɓi jirgin ba, musamman in ƙananan matsaloli biyu uku sun haɗu ga hazo ga dare.

Jiragen zamani kuma suna kai ƙarar kansu. Injin na aika bayanan zafi da girgiza da shan mai zuwa ofishin injiniyoyi jirgi na sama, akwai masu zaman kallon yadda lambobin ke tafiya mako bayan mako, in sun ga zafin hayaƙi na hawa a hankali sai a tsara cire injin kafin ya ba da kunya. Matuƙi ma yana iya kiran injiniyoyin kamfani ta rediyo ko saƙo yana sama. Sai dai wanda ke ƙasa shawara kawai zai bayar, ba ya ganin abin da ke gaban matuƙi. Jirgin Air Transat ƙirar A330 da ya tashi daga Toronto zuwa Lisbon a Agusta 2001 da mutum 306 ya nuna iyakar abin. Kwanaki kaɗan kafin nan an canza masa injin dama, sabon ya zo babu famfon haidirolik, aka ɗauko na tsohon samfuri aka ɗaura, sai bututu biyu suka matsu suna gugar juna har na mai ya tsage a tsakiyar tekun Atlantika. Alamar farko da matuƙan suka gani baƙuwa ce, baƙin mai ya yi sanyi fiye da kima ga matsinsa ya hau, suka kira injiniyoyi aka ce su ci gaba da sa ido, ba wanda ya kawo cewa man jirgi ne mai sanyi ke kwarara. Da kwamfuta ta ce tankin dama ya fi na hagu raguwa sai suka buɗe hanyar da ke haɗa tankunan daga ka, ba su karanto matakan ba, wato suka riƙa tura man gefe mai lafiya zuwa ramin da ke zuba. Injinan biyu suka mutu, kyaftin Robert Piché ya lallaɓa jirgin ba inji kusan minti 19 ya sauke shi a sansanin Lajes na tsibiran Azores. An yaba masa kuma ya cancanta, amma rahoton bai ɓoye kuskuren gareji da na ɗakin tuƙi ba.

Akwai ma wani na 1983 a Amurka, jirgin Eastern mai inji uku daga Miami, makanikai sun canza toshiyar maganaɗisun nan a duka injinan cikin dare ba tare da zoben robar da ke hana yoyo ba, don sun saba karɓo ta da zoben a jiki, ranar kuma daga sito aka ɗauko. Baƙin mai ya tsiyaye a duka ukun, da ƙyar suka sake tada ɗaya suka koma. Irin wannan ne ya sa a jirage masu inji biyu da ke tsallaka teku ake guje wa mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injinan biyu a lokaci guda.

To ina mu a ciki? Filaye irin namu na Gombe da Bauchi ba su ne gidan jiragen ba, jirgi ya zo ya sauke ya ɗauka ya juya ne, ma'ajiyar kayan gyara da yawancin injiniyoyi suna Legas ko Abuja ko Kano. In kyaftin ya rubuta abin da MEL bai yarda a ɗaga ba yana Lawanti, jirgin ya kwana kenan har a kawo kaya da mai sa hannu, fasinjoji su yi ta zagi, jadawalin kamfani na ranar ya wargaje, kayan kuma da dala ake saye, garambawul ɗin inji ma yawanci sai an kai waje. Nan jarabar take, kuma a duk duniya an san ta, matuƙi ya ce bari in riƙe a baki in mun koma gida sai in rubuta, ko manaja ya bugo waya ya ce kyaftin ba za ka iya lallaɓowa da shi ba? Ban ce haka ake yi a wani kamfani ba, ina cewa ne duk ihun da muke yi a gaban kantar kamfani a kan ma'aunin a gyara ko a lallaɓa yake sauka, kuma a gefen a lallaɓa yake sauka.

Mu 'yan Arewa mun riga mun biya kuɗin wannan darasin da rayukan alhazanmu. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da fasinja 247 da ma'aikata 14. Tayu biyu iskarsu ba ta cika ba, makanike ya sani, ya nemi iskar naitirojin da ake sa wa tayar jirgi dab da tashi ba a samu nan kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a ƙara jinkiri ba, bincike kuma ya gano an taɓa alƙaluman iskar taya a takardun jirgin. Babu shaidar an gaya wa matuƙan. Tayun suka fashe a kan titi suka kama wuta, aka naɗe ƙafafun cikin jirgin da wutar a jiki, mutum 261 babu wanda ya fita. Taya ce ba inji ba, amma hanyar da abin ya bi ɗaya ce, da wanda ke tuƙi ya san halin tayun nan da watakila ƙarar da ya ji a kan titi ta sa shi tsayawa.

Saura mu masu zama a baya. A ranar 8 ga Janairu 1989 wani 737-400 na British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfast, farfela ɗaya ta karye a injin hagu, jirgi ya hau girgiza ga ƙaurin hayaƙi. Matuƙan, da abin da suka sani na tsohon samfurin jirgin game da inda iskar esi ke fitowa, suka ɗauka na dama ne, suka rage masa totur, sai girgizar ta lafa don wani dalili daban, suka ƙara gamsuwa suka kashe lafiyayyen inji. Kyaftin ya yi sanarwa ya ce matsalar a injin dama take. A baya kuwa akwai fasinjoji da ma'aikatan jirgi da suka ga wuta da idonsu a hagu, wasu sun ji sanarwar sun yi mamaki, amma kowa ya ɗauka ai matuƙi ya fi shi sani. Dab da sauka injin hagun ya ƙarasa mutuwa, jirgin ya faɗi a bakin babbar hanya kusa da ƙauyen Kegworth, mutum 47 suka mutu cikin 126. Daga ɗakin tuƙin yawancin jiragen nan ba a ganin injin sosai, geji kawai suke kallo, kai da ke kujerar fiffike ka fi su ganinsa. Bayan wannan hatsarin ne aka ƙara matsa wa horon da ke haɗa matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi don su riƙa kai irin wannan labarin gaba. Mu kuma da kunyarmu da gudun a ce mutum ya yi ƙauyanci, za mu iya ganin mai na tsiyaya daga fiffike ko murfin inji na kaɗawa mu yi ta hailala a zuci ba mu ce komai ba. Ba a ce ka miƙe kana ihu ba, danna maɓallin kira, ka gaya wa ma'aikaciyar a hankali abin da ka gani, wuta ce ko hayaƙi ko ruwa-ruwa, tun yaushe, kuma a wane gefe, hagu ko dama in kana fuskantar gaban jirgi.